Tandun Tozalin Anti

Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da ƙawata da muke zaune flat ɗaya, muka tsaya a Oxford Road muna jiran bas cikin yayyafin nan na Manchester da mutum ke rainawa har ya jiƙe sharkaf. Birmingham muka nufa, wurin matar kawuna da muke kira Anti. Tunda aka rage ma'aikata a ofishinsu Kawu aka haɗa da shi, kujerar da Anti ta kama haya a wani shagon gyaran jiki a Sparkbrook ce ke riƙe da gidan. A nan take yi wa amare lalle da dilka da halawa. To sai mai shagon ta ce mata ran Litinin masu duba lafiyar wurin aiki za su zo daga council, wato hukumar gari, kuma duk abin da ake shafa wa mutum sai an ga takardarsa: me ke cikinsa, wace illa yake yi, me za a yi in ya shiga ido. In babu, ta kwashe kayanta. Ni kuwa da yake kimiyyar haɗa sinadarai nake karanta a uni, dangi sun ɗauka babu takardar da ta fi ƙarfina.

Babbar motar da muka shiga ta fi jirgin ƙasa araha nesa ba kusa ba, amma mun biya da ƙugunmu. Aikin hanya ake ta yi, mazubin roba ja da fari na tare hanya jere har iya ganinka, ma'aikaci ko ɗaya ban hango ba. Ƙawata ta sayi shayi a tasha, ta ji kuɗinsa, ta riƙe kofin har Birmingham tana kurɓa kaɗan-kaɗan don haushi. Ni dai dambun naman da na ƙullo a jaka na yi ta tsakura a ɓoye.

Stratford Road kuwa sai ka rantse ba Ingila kake ba. Shagunan yadi, mahauta, masallaci nan masallaci can, ga ƙamshin gurasar Pakistanawa mai faɗin faifai. Amma tsakanin shago da shago za ka ga wanda aka ja ƙofarsa aka rufe, an manna takardar neman mai haya. Ofishin da ke taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa da cike takardu kyauta ma, Anti ta ce an daɗe da rufe shi, shi ya sa ta taso ni tun daga Manchester.

Da ta buɗe mana kabad ɗinta a shagon, wallahi sai da na dafe kai. Gwangwanin madara, robar man shafawa, leda cikin leda, babu ɗaya mai suna a jiki. Duk wanda ya je gida hutu ya taho mata da ƙulli a akwati. Ita kuma da hanci take gane su, ta buɗe ta shinshina ta ce wannan kurkum ne, wannan lallen Kano. Na ce, "Anti, hancin nan naki dai ba za a sa shi a fayil ba." Ta kai mini duka tana dariya, amma idonta ya faɗa, da gani ba ta samun barci.

Muka hau bas zuwa Aston, wurin wani dillalin kayan kwalliya. Dattijo ne mai haƙuri, ya buga mana takardar duk abin da ta taɓa saya a wurinsa, ya kuma nuna mata lalle da kurkum masu rubutu a jiki da za ta maye na leda da su. Halawa ba ta ba ni wahala ba, sukari ne da lemon tsami da ruwa, na rubuta haɗarin ƙuna da yadda ake gwada zafinta. Muka koma gida muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka, muka baje takardu a kafet muna jerawa. Har na fara jin kaina wata babba.

Sai Anti ta sa hannu a aljihun rigarta ta fito da wani ɗan tandu na fata, ya yi baƙi don tsufa. Tozalin mahaifiyarta ne, Allah Ya jiƙanta, dutsen da ake niƙawa a gida. Duk amaryar da ta gyara, da shi take rufewa, ta zizara mata tana yi mata addu'ar zaman lafiya. Ta ce in rubuta masa tasa takardar.

Na san dutsen nan, dalma ce a cikinsa, irin wadda muka sha jin labarin gubarta a rediyo. Na ce mata wannan ba shi da takarda, kuma ba zan iya ƙirƙira masa ba. Ranta ya ɓaci sosai, ta ce, "Haba ɗiyata, da shi aka raine mu, ke ma da shi aka raine ki. Boko ne zai sa ki ce uwata guba ta bar mini?" Na ji maganar har cikin raina. Ƙawata ta ce ai da sauƙi, a bar shi a aljihu, wa zai laluba rigar Anti? Gaskiya ni ma na so in yi shiru a wuce a haka.

Ana cikin haka 'yar autarta ta farka daga barcin rana, Kawu ya miƙo ta. Yarinyar ko yaye ba a yi ba, idanunta raɗau da tozali. Na tsura mata ido. Anti ta bi idona da kallo, ta dubi 'yar, ta daɗe tana dubanta. Can ta ce a hankali, "Tun ranar suna nake sa mata." Na ce kada ta tayar da hankalinta, amma ta daina daga yau, ta kuma kai ta wurin GP, likitan unguwarsu, ta gaya masa komai. Ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi ta shiga goge idon yarinyar, hawaye na zubo mata.

Washegari da ta raka mu tasha, ta damƙa mini tandun a hannu. Ta ce ba za ta iya jefa shi a shara ba, kuma in yana gidan hannunta zai kai.

Tafiyar nan ta rage mini rainin da nake yi wa takardun Turawa, ta kuma nuna mini cewa wanda aka ce ya kawo takarda, wani lokaci abin da zai ajiye kafin ya samu ya fi takardar nauyi. Ran Litinin da la'asar Anti ta kira ni, ta ce an duba fayil, kujera ta tsaya, an kuma ba su ranar ganin likita. Na yi hamdala. Sai ta ce ta gyara wata amarya bayan tafiyar masu dubawar, da ta gama ta sa hannu a aljihu ta ji wayam. Na ce, "To ya kika yi, Anti?" Ta ce, "Addu'ar na yi mata haka nan. Ita ba su tambayi takardarta ba."