Da Sauƙi, In Ji Baba

A ƙauyenmu ba a taɓa yin wanda ciwonsa ya yi tsanani ba. Kowa da sauƙi yake, har ranar da za a ɗauke shi a makara. In an ce maka "yaya jiki?", amsa ɗaya ce tal, kuma da ita aka yaye mu.

A shekarun nan da gero ya gagari talaka, asibiti kuma bai rage da komai ba sai gadaje da warin maganin da babu shi, fartanya ta sari mahaifina a ƙafa wajen noman fari. Ya yi ta naɗe wurin da tsumma yana komawa gona, har ƙafar ta kumbura ta zama kamar turmi. Sai a lokacin ya yarda na ɗora shi a amalanke zuwa wani ɗan asibiti da ke gaba da mu.

Likita ranar kasuwa kaɗai yake zuwa, shi ne kuma mai cewa wa za a sa a motar asibiti zuwa Kano. A gadon da ke kusa da na Baba akwai wani mahauci mai maruru a cinya. Allah ya ba bawan nan murya. Da ihu ya samu katifa, da ihu ya samu gadon bakin taga, ragowar allurar kashe zafi ma a jikinsa ta ƙare. Baba kuwa yana kan tabarma bisa ƙarfen gado, masu dubiya sun cika ɗakin sun tare iska, kowa ya shigo sai ya yunƙura ya tashi zaune ya amsa masa gaisuwa. Yini yake yana raba sauƙin da ba shi da shi.

Likita ya zo da sauri, ya tsaya daga bakin gado.

"Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ya ce madalla, ya ce a ci gaba da wanke ciwon, ya wuce. Mahauci ne ya tafi Kano.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Baba, don Allah in ya dawo ka gaya masa gaskiya. Ƙafar nan fa ta fara wari."

Ya harare ni. "Kai, ƙarar Ubangiji kake so in kai wurin yaron da na haifi kamarsa? Ai yana da ido."

Ido kam yana da shi, lokacin buɗe bandeji ne ba shi da shi. Na yi ta magiya, har Inna ta sa baki, sannan Baba ya yi alkawarin zai faɗa.

Ranar kasuwa ta zagayo, likita ya dawo ya sake tambayar jiki. Baba ya haɗa gumi, ya dubi ƙasa, ya ce, "To... da ɗan sauƙi-sauƙi dai."

Inna ta dafe ƙirji ta fara salati, don tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin ya sauko ƙasa haka ba. A gidanmu wannan kururuwa ce. Likita ya ce madalla. Har ya juya na sha gabansa, na kwance bandejin da hannuna. Da ya gani, sai ya hau ni da faɗa, wai me ya sa ba mu yi magana ba tuntuni.

A Kano aka yanke ƙafar daga gwiwa. Na yi kuka kamar yaro a bayan ɗakin tiyata, domin na san Baba ya gama noma ke nan.

Da na dawo gida ɗaukar masa kaya, duk hanya ina tsara abin da zan gaya wa mutanen garinmu a kan wannan kalma da ta ci mana ƙafa. Ina sauka daga mota dattawan ƙofar masallaci suka taso.

"Sannu da hanya. Yaya mai jiki?"

Na buɗe baki da dukan fushina. Sai na ji na ce, "Da sauƙi."