Mai Shan Iska

Akwai wata ƙara da tayar bayan keke take yi idan mai tuƙi ya daina taka feda ya bar keken yana gangarawa da kansa. Siririya ce, ƙis-ƙis-ƙis, kamar ana zuba gero a faranti daga nesa. Makon jiya na ji ta a inda ban zata ba. Na taso daga makarantar da nake koyarwa a Gummi, ina kwance ina shafa waya ba da wata niyya ba, sai na faɗa kan wani tseren keke na matasa. 'Yan mata ne da ba su kai shekara ashirin ba, daga ƙasashe daban-daban: ga 'yan Iritiriya dogaye sirara, ga na Ruwanda da Habasha da Burkina Faso, har da namu cikin kore da fari. Mai sharhi yana ta cewa su ne manyan gobe. Da suka zo wata gangara suka saki feda gaba ɗaya, ƙarar ta cika mini kunne. Na rufe ido, sai ga ni a zauren Kakana.

Kaka mahaifin Babana ne. A ƙuruciyarsa fataucin hatsi ya yi a kan keke, shi da abokansa huɗu ko biyar, daga ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum zuwa kasuwar Gummi, wani lokaci har Anka. Lokacin da na yi wayo ya riga ya bar fatauci ya koma gyaran kekuna. Zaurensa kullum warin sholisho da baƙin mai yake yi. Akwai wata tsohuwar tasar ƙarfe da yake cikawa da ruwa, ya tsoma robar cikin taya yana juya ta a hankali, mu zuba ido muna jiran inda kumfa za ta fito. Ni ce mai riƙe famfo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

Yana aiki yana ba da labarin hanya, kuma akwai maganar da ba ta barin bakinsa. Sai ya ce ranar kaza shi ya sha iska tun daga Gummi har gida. Ni kuwa abin da na sani, shan iska shi ne abin da malaman makarantarmu suke yi da la'asar, su saka riga mai guga su fita yawo hannu a aljihu. Wata rana na kasa haƙuri.

"Tsoho, ashe yawon shan iska kuke zuwa, ku dawo ku ce mana fatauci?"

Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Sannan ya jera ƙwallayen goruba biyar a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora yatsa a kan na gaba.

"Wanga shi ka shan iska, Uwata. Na baya duk ɓoye suke. In ya gaji ya kauce ya koma wutsiya, na biye da shi ya amsa. Hakanan munka kai buhunna Gummi shekara da shekaru."

Na gyaɗa kai kamar na gane. Ban gane ba.

Da kaka ta yi aka kwashe amfanin gona, ya sauko da keken Kawu, ƙanen Babana, wanda yake rataye tun da Kawu ya sayi babur. Ya sauke sirdin har ƙasa, ya ɗaure wa kowace feda guntun katako don ƙafata ta kai. Baba yana Sakkwato wurin aiki a lokacin, Inna kuwa ba ta iya musu da surukinta. Sai ta zo bakin zaure ta durƙusa, kanta a sunkuye.

"Baba, ɗiya mace bisa keke? Mi mutane ka cewa?"

"Wanda duk ya yi magana ki turo min shi," in ji Kaka. "Ya zo ya gaya min wanda ya hana mutum ɗora uwatai bisa keke."

Inna ta rufe baki da gefen zane tana ɓoye dariya. Washegari da kanta ta ɗinka mini wando mai kauri, ta kuma rage tsawon wani hijabina don kada sarƙa ta kama shi. A fegin da ke bayan gari na koya, tsakanin kututturen kara, awaki suna kallona. Na faɗi ba adadi. Har yau akwai tabo a gwiwata ta hagu mai kama da jinjirin wata.

Shekarar da na gama firamare ta zo daidai da lokacin da zinari ya ɗauke hankalin kowa a yankinmu. Samari duk sun tafi ramuka, masu babur kuma jigilar dutse suke yi. Jarrabawar shiga sakandare a cikin garin Bukkuyum za a yi ta, kuma hedimasta ya faɗa mana ƙarara cewa wanda aka buɗe takardu bai iso ba sai baɗi. Na san abin da baɗi take nufi. Yayyenmu da suka ce za su jira baɗi, surfe da talla suka cinye musu shekarar, babu wadda ta sake ɗaukar biro. Kawu ya yi alkawarin kai ni, amma ana gobe jarrabawa aka kira shi ɗaukar kaya wajen ramuka, bai samu dawowa ba.

Bayan sallar asuba na fito tsakar gida da fensir biyu a hannu, na tarar babu babur ko ɗaya a garin. Ƙarshen bazara ne, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana tahowa da ƙamshin ruwan da aka yi a wani wuri. Gabas ɗin nan kuma ita ce hanyarmu. Inna tana tsaye bakin murhu, ta kasa ko hura wuta.

Sai ga Kaka ya turo kekuna biyu. Duk da haka na zata a kariyar bayansa zai ɗora ni, amma ya dafa ƙafarsa.

"Gwiwag ga ba ta ɗaukar mutum biyu yanzu. Kowa shi ɗauki kainai. Ni ka shan iska, ke ki liƙe min."

Ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe ya ɗaure a kariya, ya rage daga shi sai 'yar shara. Ranar na fara lura da yadda kafaɗunsa suka rame. Dokokinsa uku ne: tayata ta gaba kada ta yi nisa da tasa ta baya fiye da taki ɗaya, kada in dubi hanya sai tayarsa, in kuma na ji ƙis-ƙis to ya saki feda, ni ma in saki.

Muka kama jar hanya. Gonaki duk an share su suna jiran shuka, tokar kara tana tashi tana bin iska. Muka wuce wasu Fulani suna kora shanu, wani dattijo cikinsu ya ɗaga sanda yana mana sannu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sauƙin tafiyar. Ina jin kukan iska a cikin itatuwa, ina ganin rassa suna sunkuyawa, amma ni kamar a cikin ɗaki nake taka feda. Har na fara tunanin ko iskar ba ta kai yadda ake faɗa ba. Sai na ɗan karkata gefe don in leƙa gaba. Ya kai mai karatu, ban san ko ka taɓa jin an tura ka da tafin hannu a ƙirji ba. Hijabina ya cika fam, keken ya tsaya cik kamar an riƙe shi ta baya.

"Koma bayana!" Bai ko juyo ba, ban san yadda aka yi ya sani ba.

Na koma. Daga nan na daina jin iska, sai numfashinsa. Da farko a jere yake fita, daga baya ya koma kamar ana zagar itace da tsohon zarto. Gumi ya jiƙa 'yar shararsa duk da sanyin hadarin. Na yi ta kasa kunne ko zan ji ƙis-ƙis, ko sau ɗaya, don in san ya huta. Ban ji ba. Gwiwarsa ta dama ta fara fita waje a kowane taku, keken yana ɗan layi.

Muna hawa tudun ƙarshe, rufin kwanon gari ya bayyana, sai na ga tayar da nake bi ta kauce hagu. Hanya ta buɗe a gabana, fayau, babu kowa.

"Wuce, Uwata! Kak ki waiwaya!"

Na wuce. Iskar da ya sha mini tun daga gida ta same ni gaba ɗaya, amma ƙafafuna sababbi ne, ban taɓa ƙarfinsu ba. Na sunkuya na taka, ina kuka ina takawa, ɗigon ruwa na farko yana dukan fuskata. Na isa ƙofar makarantar wani malami yana jawo ƙyaure. Ya dube ni, ya dubi katakon da ke ɗaure a feda.

"Ke da wa kika zo?"

"Da Kakana."

Ya leƙa bayana, hanya babu kowa sai ruwa. Ya ce in yi maza in shiga.

Da muka fito bayan azahar na same shi ƙarƙashin wani dogonyaro a bakin ƙofa, jiƙe sharkaf, ya miƙe ƙafar dama, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Turo keken ya yi daga tudun har nan. Ya miƙo mini ƙosai a takarda yana tambaya ko an tambaye mu yadda ake faci, don in an tambaya ya san na ci. Motar 'yan kasuwa ce ta maido mu gida da kekunanmu a sama. Na ci jarrabawar. Shi kuwa bai sake hawa keke ya fita bayan gari ba.

Yanzu duk muna Gummi. Rashin kwanciyar hankali ya taso mu daga ƙauye kamar yadda ya taso mutane da yawa, kuma hanyar nan babu mai bin ta da asuba, balle tsoho da yarinya. Kaka yana nan da ransa, idonsa ya yi rauni, zaurensa na yanzu ba ya warin komai. Ranar da na ga tseren na kai masa wayar, na riƙe masa daf da fuska. Ya tambayi ƙasar kowacce, ina faɗa yana maimaitawa. Ya yi mamakin siraran tayoyin, ya ce waɗannan ko tiya ɗaya ta gero ba za su ɗauka ba. Can sai ya ƙura ido. Wata yarinya 'yar Ruwanda ce a gaba, bakinta a buɗe, sauran sun jeru a bayanta kamar ƙwallayen goruba.

"Wagga ba ta ci," ya ce a hankali. "Shan iska takai ma 'yar'uwatta."

Haka kuwa aka yi. Ana gab da ƙarshe ta kauce gefe, wadda ke bayanta mai irin rigarta ta fita kamar kibiya. Aka bi mai nasara da kyamara, mai sharhi yana ta ihun sunanta. Kaka ya ture hannuna.

"Maida baya, Uwata. In ga wadda ta kauce."

Na mayar. Sau uku muka kalle ta tana sakin feda, kanta a sunkuye, ana wuce ta ɗaya bayan ɗaya.

Jiya da la'asar na sauko da keken Kawu da muka taho da shi daga ƙauye, na sake ɗaura katakon nan biyu, na kai autarmu filin makaranta, don ta daɗe tana roƙona. Da ta iya tsayawa, na hau na Kaka na ce ta liƙe mini. Hadari yana haɗowa daga gabas. Zagaye biyu kawai muka yi ƙirjina ya fara zafi, na ji ina so in saki feda ko sau ɗaya. Sai na ji muryarta a bayana, wasai, ko haki ba ta yi.

"Yaya, ashe ma babu iska!"

Na ƙara sunkuyawa na ci gaba da takawa.