Karen Illo Ba Ya Son a Kushe Kaya

Illo mutumin Maraɗi ne, takalman fata yake sayarwa a kasuwar Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Da sojan Faransa za su bar sansaninsu na In Amguel, matar wani daga cikinsu ta bar masa ɗan mitsitsin kwikwiyo. Ya raine shi da nonon akuya, amma duk umarnin da ya ba shi da Hausa, ko gezau.

Ran nan wani mai ciniki ya raina ɗinkinsa. Illo ya harzuƙa: "Malam, kar ka kushe mini kaya!"

Kwikwiyo ya zube warwas. Ashe a Faransancin da matar ta hore shi da shi, "kushe" na nufin kwanta.

Tun daga ranar, duk wanda ya soki takalminsa, sai Illo ya daka tsawa da kalmar, kare ya zube, ya nuna ƙasa: "Dubi, ƙaryarka ta sumar mini da kare!" Kasuwa ta kwashe da dariya, mai suka ya saya dole.