Dakta Uwais Abdulfatah, Mai Bin Sawun Matafiya

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah ya karɓi ran Dakta Uwais Abdulfatah a nan Doha, bayan jinyar kwana tara. Shekararsa arba'in da bakwai. Mun yi masa sutura washegari bayan la'asar.

Masanin tarihi ne, kuma fagensa baƙo ne a wurinmu. Yana nazarin mafarautan da suka nausa yammacin Amurka shekara ɗari biyu da suka wuce, suna ɗana wa wata dabbar ruwa, biba, tarko domin fatarta, wadda ake hula da ita a Turai. Hanyoyinsu ne ayarin masu ƙaura suka bi daga baya. Ya taɓa gaya mini cewa mafarautan nan sau da yawa ba su san sunan inda suke ba. Abin da suka rubuta shi ne kogin da suka ƙetare, da abin da suka ci, da kwanakin tafiya. Da waɗannan yake fitar da hanya.

Uwais, wannan dabarar ka yi wa Masahudu, ɗan Zangon Kumasi mai gadi a Sanaiya, unguwar masana'antu ta nan Doha. Yana neman auren Haulatu, ɗaliba a nan, amma mahaifinta a Zariya ya ce ba ya ba da 'ya ga wanda bai san asalinsa ba. Iyakar sanin Masahudu, kakan babansa majemi ne da ya bi fatake yamma da kayan fata. Wata biyar kuna aika wa gwaggonsa tsohuwa saƙon murya. Ba ka tambaye ta garinsu ba ko sau ɗaya. Ka tambaye ta inda aka shiga kwalekwale a tafiyar majemin, da kwana nawa aka yi kafin ruwan, da yadda gidansu ke rina fata.

Lissafi ya tsaya a kan gari biyu, Jega ko Argungu. Ina wurin a ɗakinka na unguwar Fereej Abdel Aziz da Masahudu ya ce, "Yaya, don Allah ka ce Jega kawai, khalas, shi ke nan. Wa zai tona?"

Ka ce, "Ni zan tona. Da ciwon kai za ka bar ni."

Ya fita ransa a ɓace, mako biyu bai gaishe ka ba. Kai kuwa ka kira mahaifin yarinyar, ka jera masa abin da ka tabbatar da abin da ba ka tabbatar ba, har da roƙon da Masahudu ya yi maka, da dalilin da ya sa ya yi. Dattijon ya ce zai yi shawara. Har ka kwanta asibiti bai gama shawarar ba.

Ranar addu'ar uku ya kira Masahudu. Ya ce ya ba shi Haulatu, a sa rana bayan Sallah. Ya kuma ce a rubuta wa 'ya'yan da za su haifa yadda Dakta ya faɗa: Jega ko Argungu, ba a tabbatar ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Bilkisu, da 'ya'yanka Firdaus da Kamil, da ɗalibanka. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce masaukinka. Mu da muke baya, Allah ya kyautata ƙarshenmu. Amin.