Pani Leokadia da Fensirinta a Ƙofar Maƙabarta

Ƙarfe takwas saura kwata Pani Leokadia Dubiel (Pani ita ce Malama a nan, Pan kuma Malam) take jingine kekenta a bangon ɗakin karatu na garinmu, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ta buɗe ƙofa, ta ɗora ruwan shayi, ta feƙe fensir biyu, ta soke ɗaya a gashinta, ta ajiye ɗaya kan tebur. Sannan ta jawo littafin nan mai kauri, jagorar jami'o'i ta bana, wadda ke lissafa kowace makaranta a Poland da abin da ake karantawa a cikinta da makin da ake nema. Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka. Ƙarshen Oktoban nan za ta ajiye aiki, kuma hukumar gari ta riga ta sa hannu a kwashe jagororinta duka a kai wa masu niƙa tsohuwar takarda. Dalilin da aka rubuta shi ne sun tsufa, kuma wai "an ɓata su da rubutu". Ni likitan dabbobi ne, ban saba riƙe alƙalami ba sai don rubuta wa saniya magani, amma wannan magana ta ɓata mini rai, shi ya sa kuke karanta ni yau.

Bari in gaya muku irin ɓatawar da aka yi musu. Duk wanda ya taɓa zaɓen jami'a daga littafi ya san yadda abin yake: kowace makaranta aljannar duniya ce. Ga hoton ciyawa shar, ga 'yan mata suna dariya rungume da littattafai, ga "wadataccen ɗakin kwanan ɗalibai". Yaron da bai taɓa wuce tashar jirgin ƙasa ta garinsu ba, da uban da bai gama aji takwas ba, su zauna su yi ta kallon hoto har su yanke shawarar da za ta bi yaron har tsufansa. Pani Leokadia ta ga haka tun shekararta ta farko, sai ta nemi inda za ta samo gaskiya.

A ƙofar maƙabarta ta same ta. Ranar ɗaya ga Nuwamba ba ɗan garin nan da ba ya dawowa ya kunna kyandir a kan kabarin kakanninsa, ko a Kraków yake karatu ko a Gdańsk. Ita kuwa sai ta tsaya tsakanin masu sayar da furanni da masu kyandir, jagora a hammata, fensir a hannu, tana tare su ɗaya bayan ɗaya. Za ka ji ta tana cewa, "Zo nan, 'yata, kakarki ba inda za ta je. Sun ce akwai ɗakin gwaje-gwaje. Kin shiga da ƙafarki, ko ta taga kika leƙa?" Ko kuma, "Farfesan nan da suka buga sunansa da manyan baƙaƙe, ka taɓa ganin ƙeyarsa?" Abin da aka gaya mata, washegari yana gefen shafi cikin ɗan siririn rubutunta. "Ɗakin kwana ga 'yan shekarar farko babu." "Malaman kirki ne, gini yana yoyo, a je da takalmin roba." "Sashen yana wani gari daban, awa biyu a bas."

Ni ma ta tare ni, kuma na yi mata ƙarya. Shekarata ta farko ke nan a birni, ban sami ɗakin kwana ba, ina kwance a ɗakin ajiyar gawayi na wata tsohuwa, amma ga babana tsaye kusa da ni da sabuwar hularsa, yana ji da ɗansa ɗan jami'a. Na ce komai lafiya, gado har ya yi yawa. Ta rubuta. Shekara ta zagayo wani yaro ɗan maƙera ya tafi a kan maganata, kafin Kirsimeti ya dawo gida da jakarsa, bai sake komawa ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai buɗe shafin ta ɗora yatsa a kan layin, ta ce, "Teofil, wannan bakinka ne, ni hannu kawai na ara maka." Har yau idan na wuce maƙerar nan sai na sunkuyar da kai. Tun daga ranar ba ta sake rubuta abin da baki ɗaya ya faɗa ba, sai ta ji daga mutum biyu, kuma tana janye yaro gefe, nesa da kunnen ubansa.

Ke ce, Pani Leokadia, kika mayar da kuskuren wani ya zama doka a kanki. Ke ce mai tsayuwa awa bakwai cikin sanyi don ɗan wani kada ya faɗa ramin da ɗan wani ya faɗa. Ba wanda ya sa ki, ba wanda ya taɓa ƙara miki ko zloty ɗaya a kan haka.

Yanzu ga abin da ya jawo mata baƙin jini a wurin manya. Wata shekara jagora ta fito da shafi biyu masu launi na wata kwaleji mai zaman kanta da ta buɗe reshe a tsohon ofishin masana'antar sukari, tafiyar minti ashirin daga nan. Mataimakin magajin gari na lokacin, Pan Kurek, shi ya yanke ƙyallen buɗewa, surukinsa kuma yana cikin masu ita. Pan Zenon mai kiwon zuma ya zo da 'yarsa Jagoda, wadda ke son karanta aikin gashin ƙashi. Ya riga ya yi cinikin rabin amyoyinsa don a biya mata. Ga makaranta a bayan gida, yarinya ta kwana a ɗakinta, ta taya uwarta aiki, me ya fi wannan? Sai suka tarar da rubutun fensir a gefen hoton: "Sun ce izinin ma'aikatar ilimi yana hanya. Shekara uku ke nan yana hanya. Biyu sun gama a babban reshensu, asibiti ya ƙi takardarsu."

Pan Zenon ya hasala. Ya ce, "Pani, littafi ne fa bugaggen. Su da suka buga ba su kai ki sani ba ne?"

Ta ce, "Pan Zenon, in na buga takarda mai launi na ce ruwan sukari zuma ne, za ka saya?"

"Ni ai ɗanɗanawa zan yi."

"To, waɗannan biyun sun ɗanɗana. Ga sunayensu, je ka tambaye su."

Bai je ba. Wurin Pan Kurek ya je ya kai ƙara, wai ma'aikaciyar gwamnati tana kashe wa yara gwiwa. Washegari sai ga mataimakin magajin gari da kansa a ɗakin karatu, Zenon da Jagoda na biye da shi. Mutum huɗu da ke karanta jarida a wurin sun shaida abin da ya faru, biyu suna raye, kuna iya tambayarsu. Pan Kurek ya ɗora kilina a kan tebur ya ce, "Pani Dubiel, wannan kayan hukuma ne. Ki goge."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka kawo mini takardar izinin, in goge har in ba da haƙuri a jarida."

"Tana hanya."

"Ai abin da na rubuta ke nan."

Masu karanta jarida suka tuntsire. Pan Kurek kuwa ya fizgi littafin ya goge da hannunsa, yana gurzawa kamar mai kankare tukunya, ya fita ya buga ƙofa. Abin da bai sani ba, Pani Leokadia mai danna fensir ce. Baƙin fensirin ya tafi, amma sawun rubutun yana nan a jikin takarda. Jagoda ta ɗauki littafin ta kai bakin taga ta karkata shi, ta karanta wa ubanta layin kalma bayan kalma. Zenon ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "Mutumin da ke da gaskiya takarda zai kawo, ba kilina ba." Ya fasa sayar da amyoyinsa. Jagoda ta tafi Lublin karatu.

Sakayyar da aka yi wa Pani Leokadia ita ce takardar gargaɗi, aka kuma sauke ta daga teburin gaba aka kai ta ɗakin ƙasa, inda ake jibge tsofaffin jaridu, ba taga, bango yana tsattsafo. Shekara uku ta yi a can, daga nan ta samo ciwon gwiwar da take ɗingishi da shi. An yi zaton yara za su manta da ita. Sai suka riƙa bin matakala suna sauka da iyayensu, har layi ya kai waje. A shekara ta huɗu kwalejin ta rufe, yara fiye da arba'in daga ƙauyukan maƙwabta suka tashi da takardar da ko kifi ba za a naɗe da ita ba. Daga garinmu ba ko ɗaya. Shin an kira ta an ce yi haƙuri? An cire takardar gargaɗin daga fayil ɗinta? Tana nan har gobe. Pan Kurek kuwa an ba shi lambar yabo ta "bunƙasa ilimi", an liƙa sunansa a bencin dandali. Kwanan baya na gan shi zaune a layin asibiti yana jiran Jagoda ta gasa masa baya, ko kunya babu.

Sabon shugaban ɗakin karatun, yaro ne mai ladabi, ban ƙi shi ba, ya ce mini yanzu komai yana cikin waya, wa zai buɗe littafi? Da na kai mata wannan magana sai ta ce, "Gaskiyarsa. Ƙaryar ma ta koma cikin waya, kuma can ba gefen shafi."

Makon jiya na je wurinta da takardar koke, mutum ɗari biyu da sittin sun sa hannu, malamai da injiniyoyi da ungozoma, duk waɗanda suka bi ta gaban teburinta. Na ce ba za mu yarda a niƙa littattafan nan a yi kiret ɗin ƙwai da su ba, ko kotu ce za mu je. Na zaci za ta yi murna. Ta zuba mini shayi, ta yanka lemun tsami, ta bar ni na gama kumfar bakina.

Ta ce, "Teofil, kai da zafin kai tun kana yaro. Wa zai zaɓi makaranta da jagorar shekara ashirin da suka wuce? Rabin farfesoshin ciki sun riga mu shiga maƙabartar. A niƙa su, ƙwai ma yana son wurin zama."

Na ce, "To aikin naki fa, shi ke nan ya tafi?"

"Aikin ba a kan kanta yake ba. Ranar talatin da ɗaya zan ba da mabuɗi. Washegari ɗaya ga Nuwamba, yara za su dawo, gwiwata kuma ba za ta ƙara ɗaukar awa bakwai ba. Cikin mutum ɗari biyu da sittin ɗin nan naka, wa zai tsaya a ƙofar?"

Sa hannu a takarda ba ya sa ƙafa sanyi, shi ya sa muka yi yawa. Na zo ina jin haushin hukuma, na tashi ina jin haushin kaina da mu duka, da muka ci moriyar tsayuwar mace ɗaya shekara talatin da huɗu, ba wanda ya taɓa cewa kawo in riƙe miki littafin ki ɗan zauna.

Mun gode, Pani Leokadia. Hukuma ba za ta faɗa ba, to mu mun faɗa, kuma a gaban jama'a. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki daɗe kina shan shayinki da zafinsa. Ku kuma da kuke wasu garuruwan, ku duba, kowane gari yana da ranar da 'ya'yansa ke dawowa, yana kuma da ƙofar da suke bi. Fensir ba tsada.

Da zan fita ta zare wanda ke gashinta ta miƙo mini. Ranar ɗaya ga Nuwamba za ku same ni tsakanin masu furanni da masu kyandir, da jagorar bana a hammata. Ɗalibin da duk na tare, zan janye shi nesa da ubansa kafin in tambaye shi inda yake kwana. Kada ya ce mini gado ya yi yawa, don na san yadda fuskar mai wannan ƙarya take.