Aina'u ta Ƙarshen Bel

Shekara tara Aina'u tana tsaye a ƙarshen bel mai jan kaya a wani kamfanin biskit da ke Sharaɗa. Mata huɗu ne kafin ita, kowacce ta yi nata ta turo, ita kuma ta kwashe ta jera a kwali. Ba a ɗauki aikinta a bakin komai ba.

Mace ce mai shegen son jin dalilin abu. Da 'ya'yanta biyu ta yanki fom ɗin JAMB, karatun jinya take so. Bara maki shida ne ya kayar da ita, ta kuwa yi wa kanta alkawari bana ce ta ƙarshe.

Abu ɗaya ya tsaya mata a wuya a bayoloji: yadda ilektiron ke wucewa hannu zuwa hannu a cikin ƙwayar halitta don jiki ya sami ƙarfi. Duk sanda takardar gwaji ta tambayi abin da ake samu a ƙarshen layin, sai ta zaɓi ƙarfin, wato ATP. Amsar kuwa ruwa ce. Ita a saninta kaya a ƙarshen layi suke fitowa. Yaya za a sha wannan wahala a ƙare da ruwa?

Da hutun azahar ta tare Malam Haruna, mai gwajin fulawa a kamfanin, ta kawo masa zancen.

"Malam, ita iskar oksijin da muke shaƙa, wadda ke ƙarshen layin, me take tsinanawa?"

"Karɓar ilektiron kawai take yi ta zama ruwa. Ƙarfin a hanya ake tara shi."

"In ba ta nan fa?"

"Matsa daga wurinki minti biyu ki gani."

Aina'u ta kwatanta abin a ranta. Ta san biskit zai taru, a kashe bel, kowa ya tsaya. Ashe shi ya sa mutum ba ya daɗewa babu numfashi.

Jarabawar ta faɗo ranar Laraba. Foman, mai kula da ma'aikata, ya hana ta hutu, ya ce in ta tafi kada ta dawo. Duk da haka da safe ta hau adaidaita ta tafi. Tambayar ta fito, ta zaɓi ruwa.

Ranar Asabar foman ya aiko abokiyar aikinta Lami har gida, wai mata biyu aka sa a wurinta sun kasa. Aina'u ta ce a gaya masa za ta zo, amma kafin sakamako ya fito gara ya fara koya wa wata aikin.