Tagar Kwalaben Baba Buwai

Gidan Dogo ƙauye ne da bai kai gida talatin ba, tafiyar sa'a ɗaya a ƙafa daga Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ba abin da ya raba su sai layin gamba. Wata Laraba a farkon daminar bara, da la'asar, guguwa ta taso daga gabas ta yaye rufin cocin ƙauyen gaba ɗaya, ta watsa kwanon a gonakin mutane, ta tsaga bangon gabas daga sama har ƙasa. Mata bakwai na ciki suna koyon waƙa. Allah ya kiyaye, ba wadda ta mutu. Amma har yau in hadari ya haɗo za ka ga mutanen Gidan Dogo sun ajiye abin da ke hannunsu suna kallon sama.

A jikin bangon nan da ya tsage akwai taga, kuma ko ƙwarzane ba ta yi ba. Taga ce ta kwalabe hamsin da huɗu, jeri shida, kowane jeri tara. An kwantar da su cikin laka, gindinsu na kallon cikin coci, bakinsu na waje, kowace da murfin itace. Da hantsi in rana ta doke su, sai kore da shuɗi da ruwan zuma su zubo a kan tabarmin da yara ke zama. Wanda ya gina ta shi ne Baba Buwai.

Buwai bai san shekarar haihuwarsa ba, ya dai ce ya fara riƙe garma kafin Turawa su tafi. Mahaifinsa Dogo, wanda ƙauyen ya ci sunansa, shi ke riƙe da tsafin gidansu, shi ke yanka zakara a gindin tsamiya kafin kowa ya yi shuka. 'Ya'yansa maza biyu ne. Ƙaramin ya musulunta, ya tafi Zakirai karatu, ya dawo ana ce masa Malam Khalilu. Buwai kuwa ya bi matarsa Roda coci. Dogo bai yi fushi da ko ɗayansu ba. Cewa ya yi, “Kowa ya je inda za shi, ni ina nan gindin tsamiyata. In dai an yi ruwa, in ga kowa a gona.”

A cirani Buwai ya koyi gini, yana ɗaukar kwanon siminti a birnin Kano. Wata rana ya shiga wani babban coci roƙon ruwan sha, sai ya ga hannunsa ya koma ja da shuɗi. Ya ɗaga kai, ashe tagar gilashi ce mai launi. Ya daɗe a tsaye yana juya hannunsa cikin hasken, har ya manta da ƙishin.

A wancan zamani, duk wanda za a yi wa baftisma a Gidan Dogo yakan kawo kayan tsarinsa a ƙone a gaban jama'a: layu, ƙaho, guru. Komai na cin wuta ban da kwalaben magani da na turare. Mai bishara ya ce a kai su tsohuwar rijiya a zuba. Buwai ya ce a ba shi. Shekara huɗu yana tara su a bayan rumbunsa, har aka tashi gina coci.

Bai iya rubutu ba, ga shi kuma koren kwalba duk kama ɗaya ne. Sai ya yi dabara. A lokacinsu kowane gida na da tsagar gado, wadda wanzami ke yi wa jariri a fuska, ta yadda ko a kasuwa aka ga mutum an san daga wane gida ya fito. Buwai ya sassaƙa wa kowace kwalba murfi da icen kirya, wanda gara ba ta ci. A fuskar murfin ya yanka tsagar gidan mai kwalbar, a ƙasa ya huda ɗigo gwargwadon na nawa ne a ɗakin uwarsa, in mace ce ya zagaye da zobe. Ta haka tagar ta zama ita ce sunayen mutanen farko da suka kafa cocin, ba a rubuta su ko'ina ba sai nan.

Kwalba hamsin da uku gare shi, saura gurbi ɗaya a kusurwar ƙasa. A makon nan ne Dogo ya rasu, a kan addininsa na gado. Bayan an binne shi, Buwai ya je gindin tsamiya ya ɗauko kwalbar turaren tsohon, mai ruwan zuma, bakinta da ɗan gibi. Ya wanke ta, ya yi mata murfi, ya cike gurbin da ita. Bai faɗa wa kowa ba, ko Roda. In an tambaye shi ta wane ce ta kusurwa, sai ya ce ciko ce kawai.

Shekara arba'in, kowace Lahadi kafin a kaɗa ƙararrawa, Buwai sai ya zagaya bayan coci ya bi murafan nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana kiran masu su a ransa. Masu kwalaben suka yi ta mutuwa, har Roda. Aka daina yi wa yara tsaga, waɗanda suka taso ba su san karanta ta ba. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, kansa kuma ya fara zubar da abubuwa, yatsunsa ne ke tuna masa. In ya zauna a gida ya ce zai jero sunayen sai ya ɓace, amma da ya taɓa murfi, mai shi zai tsaya masa a gaba.

Bayan guguwa aka yanke shawarar a rushe tsohon ginin a yi na bulo. Ɗan Buwai, Reuben, mai sayar da hatsi a Dawanau, shi ya ja ragamar aikin, har ya yi alkawarin kawo gilashin gaske mai hoton makiyayi da tumaki. Abu ɗaya Buwai ya roƙa: a bar shi ya cire tagarsa da hannunsa, ya mai da ita sabon bango. Kowa ya ce to.

Aka sa gayyar rusau ranar wata Asabar. A ranar ne kuma likitocin ido suka zo Tsanyawa, Reuben ya matsa wa Buwai ya je, ya ce ba za a taɓa bangon gabas ba sai ya dawo. Amma da aka kwantar da na kudu, na gabas ya fara rinjaya. Samari suka ga in aka jira, tagar za ta tafi da shi. Suka tare bangon da azara, suka zare kwalaben ɗaya bayan ɗaya kamar masu ɗaukar ƙwai. Ganin duk sun yi datti, suka ce bari su faranta wa tsoho rai.

Bayan azahar Buwai ya sauko daga babur, idonsa ɗaya a ɗaure da auduga. Reuben ya tarye shi yana murmushi, ya kama hannunsa ya kai shi gindin darbejiya. Ga kwalabe nan a kife a kan buhu, an wanke su da omo ciki da waje, suna ƙyalli.

“Baba, ƙirga ka ji. Ko ɗaya ba ta fashe ba.”

Buwai ya durƙusa, ya ɗauki ɗaya, ya shafa bakinta. Ya ajiye, ya ɗauki wata.

“Ina murafan?”

“Waɗannan guntayen itacen? Ai sai da muka cire su sannan ruwa ya shiga. Za mu nemo maka na roba, masu kyau.”

“Na ce ina suke.”

Reuben ya waiwaya wajen murhu, inda jikar tsohon, Leah, ke dafa wa 'yan gayya shinkafa da wake. Ita kuwa ba ta ji abin da ake yi ba, ta ɗago tana share gumi.

“Tsoho mai ran ƙarfe, an dawo? Yanzu da aka gyara idon sai ka ga munina ka sake ni. Wallahi itacen nan naka ya fi gawayi, tun ɗazu tukunyata ke tafasa.”

Duk ranar duniya Buwai na da amsar da zai ba Leah. Ran nan kuwa wuce ta ya yi. Ya je bakin murhun ya sa sanda ya tona. Ya sami guda uku da ba su gama ci ba, ya bi fuskarsu da yatsa, tsagar ta ƙone. Ya zuba su a aljihu da zafinsu, ya nufi gida. Sai a lokacin wata tsohuwa cikin masu tsince wake ta faɗa wa Reuben abin da ke jikin murafan. Leah ta bar ludayin a tukunya ta shige ɗaki.

Washegari aka yi sujada a gindin darbejiya, tunda babu gini. Da aka tashi, Reuben ya zo da littafi da biro ya zauna a ƙasa gaban mahaifinsa.

“Baba, mun yi ɓarna. Ka faɗo su in rubuta, kowa da launin kwalbarsa.”

Buwai ya fara. Jeri na ɗaya ya zo daidai, na biyu ma haka, Roda ce ta huɗu, kore. A tsakiyar na uku ya tsaya. Ya ɗaga hannu yana lalube a sarari, ba bango. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Mutanen nan sun mutu sau ɗaya, yana gani za su sake mutuwa a bakinsa.

“Abel na gidan Tanko,” in ji wata murya daga bayan shinge. “Shuɗiya.”

Malam Khalilu ne, da fartanya a kafaɗa. Hanyar gonarsa ta bayan coci take, bai taɓa taka cikin harabar ba, yau ma a bakin shingen ya tsaya.

“Malam, kai kuma ina ka san su?” in ji Buwai.

“Yaya, shekara arba'in ina wucewa ta gabansu safe da yamma. Ni ma da tsagar nan a fuskata. Ka manta aikina ke nan, in kalli abu in haddace?”

“To shigo mana ka zauna.”

“Nan ma ya isa. Kunnen naka dai ba a ɗaure shi da auduga ba.”

Aka kai masa tabarma bakin shinge. Haka suka yi ta yi, in Buwai ya kawo biyu ya tsaya, Khalilu ya kawo na uku. Wani wurin su yi gardama a kan ko shuɗiya ce ko kore, har Khalilu ya ce makaho ba ya musu da mai ido a kan launi, Buwai ya ce makahon ne ya gina. Jama'a da suka fara watsewa suka dawo suka zauna, don wasu ran nan suka fara jin sunan kakarsu ta wajen uba.

Suka kai hamsin da uku. Reuben ya ce, “Sai ta kusurwa, cikon nan. In bar ta ba suna?”

Buwai ya juya wajen shinge. Bai iya ganin fuskar ƙanensa sosai, amma ya ji shirunsa, ya gane Khalilu ya karanta murfin nan tun ranar da aka sa shi, bai taɓa tayar da maganar ba. In ya ce ciko ce, Khalilu ba zai ƙaryata shi ba. Sai dai yanzu babu murfin da zai riƙe sunan a madadinsa.

“Rubuta Dogo.”

Biron Reuben ya tsaya. “Wane Dogon, Baba?”

“Dogo nawa ka sani? Ubana. Kakanka.”

“Amma ai ba a yi masa baftisma ba.”

“Ba a yi ba. Filin da kuke zaune a kai gonarsa ce, shi ya yanka mana. Ranar da muka fara gini shi ya kawo mana ruwa a kan jakinsa, ya ce laka ba ta san addinin kowa ba, ta dai san ruwa. Ban ce ya shiga abin da bai shiga ba. Na dai sa shi a kusurwa, inda rana ke fara taɓawa.”

Reuben ya sosa ƙeya ya ce, “Ina ga sai an tambayi dattawa.”

“Duba littafinka,” in ji Buwai. “Dattawan ga su nan ka rubuta, duk suna ƙasa. Saura ni. Tambaye ni.”

Tsohuwar nan mai tsince wake ce ta fara dariya, sannan saura. Fasto, wanda baƙo ne a ƙauyen, ya ce shi bai ga laifin a tuna da wanda ya ba da fili ba. Reuben ya sunkuya ya rubuta.

Wata biyu Buwai ya yi yana sassaƙa sababbin murafai. Leah ce ta samo masa kiryar, ta kuma zauna ya nuna mata tsagar kowane gida, yana ce mata in ta sake yin girki da su zai ƙara aure. An mai da tagar bangon gabas cikin siminti, gilashin Reuben mai makiyayi yana bangon yamma.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Korayen kwalabe ashirin da shida ne, kuma ba wanda zai iya cewa wacce ce ta Roda. Buwai ya yini yana shafa su, daga ƙarshe ya ɗauki ɗaya ya sa mata murfinta. Har yanzu in ya zagaya ran Lahadi yakan daɗe a jeri na biyu, kwalba ta huɗu, yana juya yatsa a wuyanta. Ta kusurwa kuwa ba ya shakka, gibin bakinta na nan.